Sufeto Ɗanladi Waziri A Ƙasar Yarbawa: Wasan Da Sadiq Daba Ya Bar Mana

Ran 3 ga watan Maris na 2021 ne Allah ya yi wa Malam Sadiq Daba rasuwa a Ikko, yana da kusan shekara 70 a duniya, bayan ya daɗe yana fama da ciwon daji. Dattawanmu da suka zauna Kurmi tun zamanin da gida ɗaya ke da talabijin a unguwa, sun san shi da sunan Bitrus, yaron nan mai ƙiriniya na cikin wasan Cock Crow at Dawn. Samarin yanzu kuwa sun fi saninsa da sunan Sufeto Ɗanladi Waziri, watau ɗan sandan da ya fito a matsayinsa cikin fim ɗin October 1, wanda aka fara nunawa a gidajen sinima na ƙasan nan ran 1 ga watan Oktoba na 2014.

A kan wannan fim da wasan da marigayin ya yi a cikinsa za mu yi magana yau. Dalili kuwa shi ne, a cikin manyan finafinan da 'yan Kudu suka shirya, da wuya a sami wanda ya ɗauki mutumin Arewa ya ba shi jagorancin labari, ya kuma nuna shi mai hankali da ilmi da nauyin kai. Yawanci maigadi ake ba mu, ko mai tsire, ko Alhajin da ake wa dariya saboda karyayyen Turancinsa. To, wannan ya sha bamban, kuma labarin da ke ciki labarin baƙo ne a ƙasar da ba ya jin harshenta. Ke nan labarinmu ne, mu da ke Agege da Idi Araba, da Sabon Badun da Shagamu, da Anacha da Fatakwal.

Wane Irin Fim Ne

Masu karatu da suka saba da finafinan Indiya na waƙa da rawa, ko na 'yan China masu faɗa da ƙafa, kada su zo da wannan tsammani. October 1 yana cikin irin finafinan nan masu tsinka zuciya, waɗanda ba da bindiga ko aljanu suke tsorata mutum ba, sai da abin da ke ɓoye a ran ɗan Adam. A irin wannan fim, sanin wanda ya yi kisa rabin magana ne. Sauran rabin shi ne abin da ya lalata zuciyarsa har ya kai ga haka, da kuma abin da farautarsa ke yi wa zuciyar mai farautar. Turawa sun daɗe suna yin irinsa. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Psycho na Alfred Hitchcock, wanda ya fito a Amurka a 1960, shekarar da labarin namu ya faru.

Kunle Afolayan ne ya shirya fim ɗin ya kuma ba da umarni, Tunde Babalola ya rubuta labarin. Shi Kunle gadon sana'ar ya yi, domin ɗa ne ga marigayi Adeyemi Afolayan, wanda mutanen Ikko suka fi sani da Ade Love, mai finafinan Yarbanci da suka cika gidajen sinima a shekarun 1970 da 1980. Kafin wannan, Kunle ya yi The Figurine a 2009 da Phone Swap a 2012. An ɗauki October 1 a Ikko da Jihar Ondo, musamman a garin Ilara-Mokin kusa da Akure, an kuma ce kuɗin da aka kashe ya kai dala miliyan 2, abin da a lokacin ba kowa ke iya zubawa a fim ɗaya ba. Ana magana a cikinsa da Turanci da Yarbanci da Hausa da harshen Ibo.

Yadda Labarin Yake

Saura 'yan makonni Nijeriya ta sami mulkin kai, sai aka shiga tsintar gawawwakin 'yan mata a wani gari na Jihar Yamma mai suna Akote, garin da marubucin ya ƙago. Kowace an yi mata fyaɗe, an kashe ta, an kuma tsaga mata wata alama a ƙirji. Turawan mulki ba sa son wannan abin kunya ya ɓata musu bikin sauka, saboda haka suka tura Sufeto Ɗanladi Waziri, mutumin Arewa, suka ce lalle ya gano mai laifin kafin a ɗaga sabuwar tuta.

A Akote ya tarar da Saje Afonja, ɗan gari, wanda ya zama masa tafinta kuma ɗan jagora. Ranar da ya sauka gari na cikin murna, domin ɗan sarki, Aderopo, ya komo daga karatu, shi ne mutum na farko a garin da ya gama jami'a. Sufeto ya fara bincike, zarginsa ya faɗa kan babban bokan garin, ya ce a kamo shi. Saje ya ce shi kam ba zai iya ɗaura wa wannan dattijo ankwa ba, aka dakatar da shi daga aiki. Kofur ɗin da aka sa a madadinsa ya bi sawun mai kisan cikin daji, can ya gamu da ajalinsa.

Ana nan sai aka kashe 'yar wani manomi Ibo mai suna Okafor. Shi da 'yan'uwansa suka bazama daji, suka ci karo da wani matafiyi ɗan Arewa, Usman Dangari, suka ce shi ne. Aka kai shi ofishin 'yan sanda yana rantsuwa bai san hawa ba bai san sauka ba. Sufeto, da wa'adi ya matse shi, ya aika wa manyansa cewa an kama mai laifi. Ana shirin fita da Usman daga garin ke nan, Okafor ya jefe shi da adda ya kashe shi, yana shure-shuren mutuwa yana cewa ba shi ba ne.

Ashe ana zaton wuta a maƙera, ta tashi a masaƙa. Mai kisan ɗan sarki ne. Tun suna yara wani Fada Bature mai suna Dowling ya ɗauke shi, shi da abokinsa Agbekoya, ya kai su Ikko karatu, can ya riƙa lalata da su. Agbekoya ya gudo bayan 'yan watanni, ya kama noman koko, ya tsani boko har ya hana ɗansa zuwa makaranta. Aderopo kuwa ya jure shekara 6, ya fito da takardar ilmi da zuciya ruɓaɓɓiya, ya ƙudura zai kashe budurwa ɗaya a madadin kowace shekara. Alamar da ake gani a ƙirjinsu gicciye ce. Ta shida da ya nufa ita ce Tawa, malamar makaranta, ƙawarsa ta yarinta, kuma da ƙyar aka cece ta a daren mulkin kai.

Me Ya Kai Bahaushe Akote

Wani zai ce, ina ruwan mutumin Arewa da binciken kisa a ƙasar Yarbawa a 1960? Marubucin bai yi wa tarihi ƙarya ba. Tun 1863 Kyaftin John Glover ya tara Hausawa a Ikko ya ba su bindiga, suka zama ƙungiyar da ake kira Hausawan Glover, wadda daga cikinta aikin soja da na ɗan sanda na ƙasan nan suka samo tushe. Dabarar Bature ita ce ya sa baƙo tsaron ɗan gari, domin baƙo ba shi da suruki ko ɗan ɗaki da zai ji nauyinsa. A 1930 aka haɗa 'yan sandan Arewa da na Kudu suka zama runduna ɗaya ta Nijeriya, ban da 'yan dokan En'e da ke ƙarƙashin sarakuna. Ɗan sandan wannan runduna ana iya jefa shi ko'ina.

Saboda haka Waziri ya shiga Akote da kaya biyu a ka. Ga shi bare, ga shi kuma bawan Bature. Mutanen gari suna gaishe shi suna ɓoye masa ciki, Turawa suna yaba masa suna raina shi. Wanda zai yi wasan irin wannan mutum tilas ya san ɗanɗanon baƙunci.

Wasan Sadiq Daba

Kunle Afolayan ya sha faɗa cewa neman wanda zai hau wannan matsayi ya ba shi wuya, domin yana son ɗan Arewa mai kamannin mutanen wancan zamani, har Allah ya tuna masa da Sadiq Daba, wanda ya daɗe bai fito a babban wasa ba. Zaɓen ya dace. Asalin Sadiq mutumin Kano ne, amma a ƙasar Saliyo ya tashi ya yi makaranta, sa'an nan ya komo gida ya kama aikin watsa labarai, ya yi shekaru masu yawa a gidan talabijin na NTA. A 1980 aka fara nuna Cock Crow at Dawn, wanda aka ɗauka a wajejen Jos don kwaɗaita wa jama'a noma, ya fito tare da marigayi Kasimu Yero. Ga shi kuma a Ikko ya ƙare kwanakinsa. Mutum ne da ya yi yawancin rayuwarsa nesa da garin iyayensa.

Abu na farko da mai kallo zai lura da shi shi ne jikinsa. Siriri ne ƙwarai, kayan sarki na zamanin Turawa kamar sun yi masa yawa, ba shi da ƙirar jarumin da zai doke mutum goma. Bai yi ƙoƙarin ɓoye wannan ba. Ya mai da shi abin aiki. Tafiyarsa a miƙe take, tsayuwarsa ta wanda aka horar a fareti, kuma ko a gaban sarki ko a gaban Bature ba ya rawar jiki. Kwarjinin Waziri daga natsuwa yake fitowa.

Abu na biyu muryarsa ce. Murya ce ta mai karanta labarai, mai kauri, tana fitar da Turanci kalma kalma. In ka haɗa ta da Turancin Saje Afonja, wanda Kayode Olaiya, watau Aderupoko, ya yi wasansa cikin ban dariya, sai ka ga tazarar da ke tsakanin mutanen biyu tun kafin su saɓa. Waziri yana magana kamar littafin doka, Saje yana magana kamar kasuwa. Sannu a hankali kowa ya gane yana bukatar ɗan'uwansa, har ya zama a gidan Saje aka yi jinyar Sufeto da maganin gargajiya sa'ad da mai kisan ya kai masa hari. Duk wanda ya taɓa kwanciya ciwo a Kurmi maƙwabci Bayarabe ko Ibo ya tsaya a kansa, ya san wannan wuri ba ƙage ba ne.

Abu na uku, wanda ya fi duka, shi ne shirunsa. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Sau da yawa ana zuba Yarbanci a gabansa, shi yana tsaye yana jiran tafinta, idonsa na yawo daga wannan fuska zuwa waccan, yana neman abin da harshe ya hana shi. Mun san wannan tsayuwa. Ita ce ta mai kayan gwari a Mile 12 sa'ad da masu saye suka juya harshe a gabansa. 'Yan wasanmu da yawa, na Kudu da na Arewa, in an ce su nuna baƙin ciki sai ihu da buga ƙirji. Sadiq Daba kuwa sai ya ɗan sunkuyar da kai, ya haɗiye miyau, kai mai kallo ka ƙarasa sauran a ranka.

Har wa yau, bai mai da Waziri waliyyi ba. Sufeto mutum ne mai taurin kai, mai raina al'adar da bai sani ba, shi ya sa ya rasa Saje a lokacin da ya fi bukatarsa. Akwai kuma wurin da abokan aiki suka matsa masa ya sha giya a daren ban kwana, alhali ba halinsa ba ne. Wasu daga cikinmu ba za su ji daɗin ganin wannan ba. Amma a duba inda aka sa shi cikin labarin. Bayan mutuwar Usman Dangari ne, kuma sakamakonsa nan take ya biyo baya, domin a hanyar komawa ya ji feɗuwar da Usman ya gaya masa mai kisan na yi, ga mai laifi a gabansa, shi kuwa ba ya iya tsayuwa da ƙafafunsa. Fim ɗin bai yabi abin ba, ya nuna faɗuwar mutumin da zuciyarsa ta fara tuhumarsa.

Matafiyin Da Aka Kama

Usman Dangari bai daɗe a fim ɗin ba, amma a wurinmu shi ne zuciyar labarin. Laifinsa ɗaya, an gan shi a hanya, ba a san shi ba. Abin da ya fi ciwo kuma, mutumin da ya kamata ya fi kowa sauraronsa, wanda suka fito wuri ɗaya suke jin harshen juna, shi ne ya sa hannu a kan takardar. Waziri bai tsane shi ba. Gaggawa ce ta ci shi, da son ya faranta wa manya, da son a ce ya cika aiki kafin ranar biki.

A 1960 jirgin ƙasa ke kawo mutanenmu Kurmi, ta Jebba da Offa da Oshogbo. Yau yawancinmu ta Zuba muke bi, mahaɗar nan ta kusa da Dutsen Zuma inda hanyar Kaduna ta gamu da ta Lokoja. Wanda ya tsaya a tashar Zuba da dare zai ga Usman Dangari ɗari: masu rakiyar shanu, da masu albasa da tumatir, da 'yan ci rani da buhunsu a kafaɗa, da samari masu zuwa aikin acaɓa. Daga nan sai Gwagwalada da Abaji da Lokoja, har Okene inda hanya ta rabu. In motarka ta bi ta Owo da Akure za ta Badun, za ka wuce ta gefen Ilara-Mokin, inda aka ɗauki fim ɗin. In kuwa ta bi ta Auchi, tana iya ratsa Uromi.

A nan Uromi, cikin Jihar Edo, a ƙarshen watan Maris na 2025, aka tare wata babbar mota ɗauke da mafarauta 'yan Arewa da suka taso daga Fatakwal za su Kano yin Salla. Aka ga bindigogin farauta, aka ce masu satar mutane ne, taron jama'a ya kashe mutum 16 ba tare da an kai su gaban alƙali ba. Mutanen wannan yanki sun daɗe suna kuka da masu satar mutane, kamar yadda Okafor na cikin fim yake da gaskiyar baƙin cikinsa. Amma baƙin ciki ba shaida ba ne, kuma in an kashe wanda ba shi ba, mai laifin na nan yana yawo. Gaskiya kuma ita ce, a Arewa ma an sha yi wa baƙo irin wannan hukunci na kan titi. Wanda ya ji zafin na Usman, tilas ya ƙi shi ko a kan wa ya faɗa.

Gaskiyar Da Aka Binne

Wasan Sadiq Daba ya kai ƙarshen ƙarfinsa a zaman da Waziri ya yi da Turawa a Ikko, inda ya kawo musu rahotonsa. Ya faɗi wanda ya yi kisan, ya faɗi abin da Fada ya yi wa yaran. Turawa suka ce wannan magana ba za ta fita ba. Ɗan sarki ne, ga kuma sunan Bature a ciki, ga ƙasa na shirin biki. Gara laifin ya zauna a kan matafiyin da ya riga ya mutu, wanda ba shi da kowa. Waziri ya yi gardama, ya ɗaga murya irin yadda bai taɓa yi ba tun farkon fim, daga bisani ya sauko, wai don a zauna lafiya.

A nan ne mai kallo zai rasa abin da zai ce da shi. Jarumi ne ko matsoraci? Sadiq Daba bai sauƙaƙa mana amsa ba. Fuskar da ya fita da ita daga ofishin ta mutum ce da ya san ya ci amanar mamaci, ya kuma san ba shi da ƙarfin yin wani abu dabam. A filin sukuwa na Ikko, wanda yanzu ake kira Dandalin Tafawa Balewa, an sauke tutar Ingila an ɗaga kore da fari, Gimbiya Alexandra ta miƙa takardun mulki, Sir Abubakar Tafawa Balewa ya yi jawabi. Fim ɗin yana cewa, a ƙarƙashin wannan murna akwai abin da aka rufe bai warke ba. Har an sa wa ɗan sarki magana a baki cewa ƙasar ba za ta shekara 7 ba sai an yi yaƙi, ga shi kuwa yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yuli na 1967.

Akwai kuma gargaɗi ga iyaye. Kada wani ya kalli Fada Dowling ya ce wannan matsalar wasu ce. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300, yawancinsu yara da samari, daga wani gida a Rigasa ta Kaduna inda iyaye suka kai su neman tarbiyya, wasunsu da mari a ƙafa. Mu da muke nesa da gida, muke barin 'ya'ya a hannun wasu, ya kamata mu riƙa tambayarsu, mu kuma saurari abin da suka kasa faɗa.

Aibi Da Yabo

Fim ɗin ba ya rasa aibi. Ya yi tsawo, ya haura awa 2, kuma mai lura zai zargi ɗan sarki tun kafin Sufeto ya farga. Akwai kuma wuraren fyaɗe da jini da bai kamata a kalla tare da yara ba. Duk da haka ya kwashe lambobi. A bikin finafinan Afirka da aka yi a Kalaba a 2014 ya ci lambar fim mafi kyau, Sadiq Daba ya ci ta gwarzon ɗan wasa. A 2015 kuma, a bikin AMAA da aka yi a Port Elizabeth ta Afirka ta Kudu, aka sake ba shi lambar ɗan wasan da ya fi kowa a Afirka a wannan shekara. Kunle Afolayan bai yar da shi ba, ya sake kiransa cikin fim ɗin Citation na 2020, ciwo na cinsa.

Shawararmu ga shugabannin Hausawa na zango zango, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi, ita ce su nemi wannan fim su kalla tare da samarinsu, in da hali har da maƙwabtansu 'yan gari, sa'an nan a zauna a tattauna. Baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba, saboda haka sabon zuwa ya fara kai kansa wurin Sarkin Hausawa a san da shi, ya riƙe katin shaidarsa, ya koyi gaisuwar mutanen da ya tarar. Wanda Allah ya ba muƙami a cikinmu kuwa, ɗan sanda ne ko lauya ko sarkin zango, ya tuna da Sufeto Waziri a duk lokacin da aka kawo masa baƙo ana cewa shi ne, ya bincika kafin ya sa hannu.

Allah ya jiƙan Malam Sadiq Daba, ya kai matafiyanmu gida lafiya, amin.